Kalmomi 300 da Littafin Adashen Inna

A farkon watan Agustan 2023, 'yan makonni bayan na kammala jarrabawar fita sakandare, na zauna a tsakar gidanmu da ke Tudun Wada a Kaduna, riƙe da wayar yayana, ina karanta wata tambaya da ta zame mini ƙarfen ƙafa har tsawon wata huɗu. Ranar 1 ga Agusta ake buɗe shafin Common App, wanda jami'o'in Amurka sama da dubu suke karɓar takardun masu neman gurbin karatu ta cikinsa. Na riga na san da babbar maƙalar da kowa yake rubutawa, wadda ba ta wuce kalmomi 650, kuma na yi mata shiri. Abin da ya zo mini a ba-zata shi ne ƙananan tambayoyin da kowace jami'a take ƙarawa don kanta, musamman wadda ake kira maƙalar bambancin asali da al'ada. A cikin makarantu tara da na nema, biyar sun yi mini ita, kowacce da irin lafazinta, amma abin da suke nema ɗaya ne: in faɗi inda na fito, da abin da rayuwa ta koya mini a can, da abin da zan zo musu da shi in sun ɗauke ni.

Don in fahimci yadda ake yin tambayar, na karanta ta wasu jami'o'in da ma ban nema ba. Jami'ar Michigan ta ce kowane mutum yana cikin al'ummomi daban-daban, na unguwa ko addini ko abinci ko ƙabila, don haka ɗalibi ya zaɓi guda ɗaya ya bayyana ta, ya kuma bayyana matsayinsa a cikinta, cikin kalmomin da ba su wuce 300 ba. Harvard kuwa a wannan shekarar ta wajabta gajerun amsoshi biyar, kowacce kalmomi 200, ta farkonsu tana tambayar yadda abubuwan da suka gina ɗalibi za su ba shi damar amfanar jami'ar.

Akwai dalilin da ya sa tambayar ta yi nauyi a shekarar. Ranar 29 ga Yunin 2023, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a ƙarar da aka shigar kan Harvard da Jami'ar North Carolina, ta hana jami'o'i duba launin fatar ɗalibi a matsayin ma'aunin ba shi gurbi, abin da kotun ta yarje musu da sharaɗi tun 1978, ta kuma sake tabbatarwa a 2003. Sai dai Alƙalin Alƙalai John Roberts ya bar ƙofa ɗaya a buɗe: ɗalibi yana iya ba da labarin yadda launinsa ya shafi rayuwarsa, ko ta hanyar wariya ko ta hanyar ƙarfafa gwiwa, muddin labarin ya nuna wani hali ko wata baiwa ta shi ɗalibin a karan kansa. Wannan ya sa makarantu da yawa suka sake fasalin tambayoyinsu a cikin 'yan makonni. Ni dai a Kaduna ban taɓa ɗaukar kaina baƙar fata ba, domin babu wanda zan bambanta da shi ta wannan fuskar. Bahaushiya ce ni, Musulma, 'yar Tudun Wada. Tarihin bauta da wariya da ya haifar da waccan shari'ar na baƙaƙen Amurka ne, kuma tun da wuri na ga cewa rashin adalci ne in ari rigarsu in sa don in samu shiga.

Wahalar farko daga gida ta taso. A makaranta an koya mana insha'i, an koya mana wasiƙar neman aiki da muhawara kan amfanin noma, amma ba a taɓa cewa mu rubuta kanmu ba. Na tashi ina jin cewa yabon kai jahilci ne, a gidan da Umma ba ta kiran sunan ɗanta na fari saboda alkunya, kuma ko an yaba girkinta sai ta ce ai gishirin ya ɗan yi yawa. Yarinyar da aka yi wa wannan tarbiyyar, in ka ce ta cika shafi da ni na yi, ni na iya, ka ɗora mata abin da ya fi lissafi wuya.

Saboda haka a rubutuna na farko sai na ɓuya a bayan ƙasata. Na ce Najeriya tana da ƙabilu sama da 250 da harsuna sama da 500, na kawo hawan sallah da tuwon shinkafa da lalle da hijabi, na rufe da cewa zan kai wa ɗaliban Amurka al'adunmu masu kyau. Na kai wa wata malama da ta yi karatu a can, wadda take duba takardun ɗalibai irina ba tare da karɓar ko kwabo ba. Ita ce ta nuna mini cibiyar EducationUSA, inda ake samun sahihin bayani, ita ce kuma ta koya mini yadda ake neman a yafe kuɗin cike takarda, wanda a wasu jami'o'in ya kai dala 80. Ta karanta sau ɗaya, ta ɗora yatsa a kan sunana, ta ce, “Ƙanwata, na rufe sunanki. Yanzu faɗa mini, daga Sakkwato zuwa Legas, ɗalibai nawa ne za su iya sa hannu a kan wannan takardar?” Ta tuna mini cewa a shekarar karatu ta 2022 zuwa 2023 'yan Najeriya 17,640 ne suke karatu a Amurka, fiye da na kowace ƙasa a Afirka, don haka mai karanta takardata ya sha jin labarin ƙabilu 250, kuma bai rasa inda zai karanta shi ba in yana so.

Rubutu na biyu shi ne wanda har yau nake istigfari a kansa. Wani da ya riga ni nema ya ba ni shawara cewa Turawa labarin wahala suke so, don haka in ba su abin da za su tausaya. Na zauna na haɗa duk abin da duniya ta sani game da Arewa: sace 'yan matan Chibok a 2014, da harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na 28 ga Maris 2022, da yaran da ba sa zuwa makaranta, da auren wuri. Duk waɗannan abubuwa sun faru, kuma sun taɓa mutanen da na sani. Amma yadda na jera su ya nuna kamar ni ce na kutsa ta cikinsu da ƙyar, kamar an yi yunƙurin cire ni daga aji na ƙi. Ban rubuta ƙarya ko ɗaya a fili ba, na dai bar mai karatu ya ɗauki abin da ba haka yake ba, kuma na san abin da nake yi.

Baba ya ga takardar a kan tabarma bayan sallar isha'i. Tsohon ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, kuma tun da masaƙun suka durƙushe ya koma ɗinki, amma Turancinsa bai tafi ba. Ya karanta a hankali, ya naɗe ta biyu, sannan ya kira ni da sunan da yake kirana, domin sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Ya ce, “Uwata, a wace rana ce aka hana ki karatu a gidan nan?” Bai ɗaga murya ba, bai kuma ƙara komai ba. Mutumin da ya sayar da kekensa na ɗinki guda ɗaya cikin biyu don ya biya mini kuɗin jarrabawa, shi na bari baƙi su zata azzalumi ne. A daren na yaga takardar. Har gobe ina ganin cewa wanda ya sha wahala da gaske yana da cikakken haƙƙin ya rubuta ta, kuma akwai 'yan'uwanmu daga Borno da Zamfara da labarinsu ke nan. Laifina shi ne na nemi cin riba da hawayen da ba nawa ba.

Mafita ta zo ta inda ban zata ba. A watan Oktoba malamar ta ce in zo ranar Asabar mu sake zama, na ba ta haƙuri na ce Asabar ba ta yiwuwa, domin ranar nake zuwa karɓar zubi. Ta ce wane zubi? Na ce na adashen Umma, ni ce nake riƙe littafin, kuma mata shida daga cikin ashirin suna ƙetaren Kogin Kaduna, a unguwannin Television da Sabon Tasha, sai na je da kaina. Ta yi shiru, sannan ta ce in ba ta labarin daga farko. Na yi kusan awa ɗaya ina magana, ita kuwa tana rubutu a bayan wata takarda.

Kakata Inna ce ta kafa adashen tun masaƙu suna aiki, a tsakanin matan ma'aikata da suke zaune a gidajen haya wuri ɗaya, Hausawa da Bajju da Yarabawa da Nufawa. Rikicin da ya ɓarke a Kaduna ranar 21 ga Fabrairun 2000, da wanda ya biyo baya a Nuwamban 2002, su suka raba garin gida biyu: Musulmi suka tattara arewacin kogi, Kiristoci suka koma kudu. Ni an haife ni bayan an gama rabuwar, don haka a wurin tsararrakina haka Kaduna take tun asali, kuma da yawa daga cikin 'yan ajinmu ba su taɓa shiga gidan kowa a Sabon Tasha ba. Adashen Inna bai rabu ba. Da ta rasu Umma ta gaje shi, ta zama uwar adashe, ni kuma tun ina shekara goma sha biyu aka damƙa mini littafin saboda rubutuna yana da kyau. Daga shekara goma sha biyar na fara ƙetare gada duk Asabar tare da ƙanena. Kowace mace tana zuba naira dubu biyar a mako, mai kwasa ta ɗauki dubu ɗari.

A cikin matan ƙetare akwai wadda muke kira Mama, 'yar Bajju ce daga wajen Zonkwa, mijinta abokin aikin Baba ne a masaƙa. Ta san lokacin azahar fiye da ƙanena, domin da ta ga rana ta karkata sai ta shimfiɗa mini tabarma a ɗakinta ta ajiye buta. Ni kuma na san cewa ba a zuwa mata da maganar kuɗi in tana shirin taron zumuntar mata a coci, na san wace gaisuwa ake yi in an yi rashi a gidansu, na kuma san cewa tuwon Kirsimeti da take aiko mana da kazar da ta sa Musulmi ya yanka ake yin miyarsa. Ban taɓa ɗaukar waɗannan a matsayin ilimi ba. A wurina aike ne kawai.

Sai kuma abin da ya faru a Fabrairun 2023, bayan an sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta ɓace daga hannun mutane, masu POS suka koma sayar da naira da naira. Adashe da tsaba yake tafiya, kuma tsofaffin cikinmu sun ce ba su yarda da kuɗin da hannu bai taɓa ba. Mako biyu zubi bai cika ba, aka fara ƙananan maganganu, kowane ɓangare yana zargin ɗayan da jan ƙafa. Na roƙi Umma ta bar ni in gwada wata hanya: kowa ta tura nata ta waya zuwa asusu ɗaya, ko da ta hannun ɗanta ne, ni kuma in rubuta ranar da lambar shaidar turawa a littafi, sannan mace ɗaya daga Tudun Wada da ɗaya daga Sabon Tasha su duba shafin duk mako su dangwala. Da haka muka ƙetare har kuɗi suka dawo hannu bayan hukuncin Kotun Ƙolin Najeriya na 3 ga Maris. A cikin wannan ƙuncin ne mijin Mama ya kwanta a asibiti, wata Hajiya da layinta ya zo, wadda take tara kuɗin kayan ɗakin 'yarta, ta ce a ba Mama makonta, ita ta jira.

Da na zo rubuta musayar, Umma ta ce in ɗauko tsohon littafin Inna in ga yadda ake yi. Da ajami Inna take rubutu, kuma albarkacin makarantar allo ina iya karantawa. A shafukan shekarar 2000 na tarar da layin Mama. Makon kwasarta ya faɗo a cikin rikicin, lokacin da suka gudu ba wanda ya san inda suke. A gefen sunanta Inna ta rubuta cewa kuɗin suna hannunta, amana ne, ko ta mutu a kai mata. A ƙasa kuma, da wani alƙalamin dabam, ta rubuta cewa an kai, bayan wata biyar.

Da na kai nan malamar ta ajiye biro ta ce, “Wannan ita ce al'ummarki, wannan kuma shi ne matsayinki a cikinta. Je ki rubuta.”

Samun labarin ya fi sauƙi a kan matse shi. Rubutun farko ya kai kalmomi 900, ana neman 300. Na so in bayyana tarihin rikicin Kaduna gaba ɗaya, malamar ta ce jimla ɗaya ta isa, domin ba tarihin gari ake tambayata ba. Na so in fassara adashe da wata doguwar kalmar masana tattalin arziki, ta ce in bar shi da sunansa, in yi bayaninsa sau ɗaya a taƙaice, mai karatu zai biyo ni. Babban faɗanmu a kan “mu” ne. Duk inda na ce mun yi, sai ta tambaye ni, ku wa? Wa ya kawo shawarar asusu ɗaya? Wa ya ce a sa shaidu biyu? A nan na gane cewa faɗin abin da mutum ya aikata, daidai yadda ya faru, ba tare da ƙari ba, shaida ce ba yabon kai ba, kuma ɓoye shi a bayan jama'a ma wani nau'in rashin faɗin gaskiya ne. Na rubuta “ni” a inda ni ce, na bar wa Hajiya da Inna nasu.

Sashen ƙarshe, wato abin da zan kawo wa makarantar, shi ne inda ɗalibai da yawa suke alkawarin gyara duniya. Ni abu biyu na faɗa. Na ce ina son karanta tattalin arziki domin in fahimci dalilin da ya sa amana take riƙe kuɗi a inda babu kotu babu takardar yarjejeniya, kuma zan shiga ajin da misalin da na riƙe da hannuna shekara shida. Na kuma ce na saba zama a ɗakin wanda ba addininmu ɗaya ba, in yi sallata, ya yi addu'arsa, mu ƙirga kuɗi tare, kuma zan zo da wannan sabon ɗakin kwanan ɗalibai. Ga kowace makaranta cikin biyar ɗin na sake daidaita amsar da lafazin tambayarta da adadin kalmominta, domin wata 250 ta ba ni, wata 150, kuma tambayoyin suna sauyawa daga shekara zuwa shekara.

Saura izini. Littafin adashe sirri ne, a cikinsa ake ganin wadda ta gaza da wadda aka rufa wa asiri. Umma ta yarda da sharaɗin kada in ambaci sunan kowa, kada kuma in faɗi wadda ta taɓa makara da zubi. A wata Asabar ta Disamba na zauna a ɗakin Mama na fassara mata maƙalar da Hausa, jimla bayan jimla. Da na zo wurin da na ce kakata ta ƙetare kogi ta kai wa maƙwabciyarta taimako, sai ta ɗaga hannu ta tsayar da ni. Ta ce, “A'a, 'yata. Inna ba taimako ta kawo mini ba, kuɗina ta kawo mini. Wata biyar suna hannunta, masaƙa ba ta biyan albashi a kan lokaci, gidanku ana kwana da yunwa, ba ta taɓa ko naira ɗaya ba. Ki rubuta haka, ya fi abin da kika rubuta girma.” Ashe ragowar rubutuna na biyu ya biyo ni har nan, ina neman wanda za a tausaya wa, na mai da Mama abin tausayi alhali ita mai haƙƙi ce. A cikin motar komowa na gyara jimlar, kuma a ganina ita ce mafi ƙarfi a cikin maƙalar.

Na tura takarduna a farkon Janairun 2024. A watan Maris amsoshi suka zo: shida sun ba ni haƙuri, biyu sun sa ni a jerin masu jira, ɗaya kuma, wata ƙaramar kwaleji a tsakiyar Amurka, ta ɗauke ni da tallafin da ya rufe kuɗin makaranta da masauki da abinci. Maƙala ba ta tafiya ita kaɗai, tana tare da sakamakon jarrabawa da wasiƙun malamai da bayanin ƙarfin aljihun iyaye, kuma ga ɗalibin waje mai neman cikakken tallafi gurbin ƙanƙane ne ƙwarai. Abin da na riƙe shi ne cewa takardar da ta tafi da sunana, Baba ya karanta ta, Umma ta ji ta, Mama ta gyara ta, kuma babu layin da zan sunkuyar da kai in an karanta shi a gabansu.

Tallafin bai haɗa da kuɗin neman biza ba, dala 185, wanda a canjin lokacin ya haura naira dubu 250. Kwasar Umma sai Satumba, ni kuwa a Yuni nake bukata. Ranar Asabar ɗin da na je karɓar zubi, tun kafin in zauna Mama ta ce makonta na Yuni ne, a ba Umma, ita za ta jira Satumba. Na buɗe littafin a kan cinyata na rubuta musayar da kwanan wata, ta dangwala, na kawo wa Hajiya ita ma ta dangwala. Shi ne rubutuna na ƙarshe a ciki. A daren da zan tafi Abuja in hau jirgi na miƙa wa ƙanwata littafin tare da na Inna, na nuna mata shafin shekarar 2000, na sa ta karanta ajamin da bakinta har sai da ta kai ƙarshen layin.